Hayaniyar Fage Ma Waƙa Ce: Darasin Kaset ɗin Ɗan Anace

Ƙasar Rabah, wadda ta haɗa Rara da Gandi da 'Yar Tsakuwa da Gawakuke, an fi saninta a littattafan tarihi da haihuwar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Amma a wayoyin direbobi da mahauta da masu sayar da albasa a kasuwannin Wurno da Goronyo, akwai wani ɗan ƙasar da muryarsa ba ta daina tashi ba, wato Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin 'Yar Tsakuwa ta ƙasar Gandi, makaɗin 'yan dambe da manoma. Bai ga zamanin wayar hannu ba, amma yau a memori ake sauraren sa, bayan waƙoƙin sun bi ta hannun rediyo da kaset da faifan CD, kowane hannu yana rage musu haske. Matashin da kunnensa ya saba da sautin situdiyo yakan ce waƙar akwai daɗi, sai dai hayaniya ta yi mata yawa: ga kalangu na neman danne murya, ga maroƙi na kutsowa da kirari, ga 'yan amshi wani lokaci suna shiga kafin jagora ya sauke numfashi. Ra'ayin wannan shafi shi ne cewa abin da ake kira hayaniyar nan yana cikin jikin waƙar, kuma waƙar baka ta Hausa ba ta cika bayyana kamanninta sai an ɗauke ta a gaban jama'a, makaɗa duka suna aiki lokaci guda. Mawaƙan yau masu zaman kansu, waɗanda ba su da kamfani a bayansu, su ne suka fi kowa asara idan suka bar wannan hanya ta mutu.

Sai an duba yadda ake ƙera irin wannan waƙa kafin a gane dalili. Makaɗin baka ba ya zuwa fage da waƙa a rubuce daga farko zuwa ƙarshe. Abin da yake riƙe da shi tabbas shi ne gindin waƙa, wanda 'yan amshi za su yi ta komawa gare shi, sai tarin ɗiyan waƙa da ya saba jerawa, da kirarin mutanen da yake yi wa, da sunayen iyayensu da garuruwansu. Yadda zai jera su, wanne zai gabatar, wanne zai bari, wanne zai ƙirƙira nan take, fagen ne yake yanke wannan hukunci. Yayin da 'yan amshi ke maimaita gindi, jagora ba hutawa kawai yake yi ba; idonsa na kan taro, yana ganin wane ne ya iso, wane ne ya miƙe, wane ne ya cusa hannu a aljihu, wane ne abokin adawa da ya kamata a jefe shi da habaici. Mai kalangu ma ba rakiya kaɗai yake yi ba, domin kalangu na magana, kuma take da ya buga yana iya juya akalar jagoran kansa. Shi ya sa manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya tattara tarihin makaɗan Hausa da dama, sukan ci karo da waƙa ɗaya a rerawa daban-daban, wata ta fi wata tsawo, wata da ɗiyan da babu su a cikin 'yar'uwarta. Ba Hausawa kaɗai ba ne a wannan. Milman Parry da Albert Lord sun ɗauki muryoyin mawaƙan baka na tsohuwar Yugoslabiya a shekarun 1930, kuma littafin da Lord ya fitar a 1960 ya tabbatar da cewa mawaƙin baka yana shirya waƙarsa ne a daidai lokacin da yake rera ta. Idan haka ne, tambayar wace ce ainihin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ba ta da amsa guda; akwai ta wannan dare, akwai ta wancan.

A fagen dambe abin ya fi fitowa fili, saboda a can waƙa aiki take yi. Dambe wasan kaka ne tun asali, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, mahauta suna bin garuruwa, kuɗi na ɗan zagayawa a hannun talaka. Ɗan damben da ya naɗe hannu yana jiran takensa, kuma idan aka buga shi aka bi da zuga, sai tsuma ta kama shi ya fito yana kirari. Makaɗi na iya tunzura wanda ya so ya noƙe, yana iya haɗa karawar da ba a shirya ba ta hanyar ambaton wani a kunnen wani, kamar yadda adawar Shago da Ɗandunawa ta samu rabin girmanta daga bakin Ɗan Anace. Waƙar Shago ta shahara ne har a wajen waɗanda ba su taɓa leƙa fagen dambe ba, saboda yadda take shiga zancen mutuwa da ajali, ta tsaya a can ba ta gaggawar fita. Nauyin wannan zance yana zuwa ne daga inda aka yi shi: ana faɗa wa mutumin da zai shiga ya tari dunƙulen ƙato, a gaban 'yan garinsu, a wurin da faɗuwa ɗaya kan zama labarin shekara. Ihun da ke tashi bayan an rera ɗan waƙa mai zafi shi ne shaidar cewa maganar ta sauka inda aka nufa. Wanda ya goge ihun don ya tsabtace sauti, ya goge hujjar da ke nuna dalilin da ya sa jagora ya sake maimaita wannan ɗan, ya kuma ƙara masa gishiri.

Makaɗan fada ma haka suke, ko da fagensu ya fi natsuwa. Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, duk da tawaga suke aiki, kuma 'yan amshinsu ba maimaici kaɗai suke yi ba: sukan karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora tun bai kai rabi ba su ƙarasa masa, su ma ƙara nasu. Ɗanƙwairo kansa a layin amshi na gidansu ya taso kafin ya zama jagora. Lokacin da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sannan kaset ya bazu a kasuwannin Arewa a shekarun 1970, hanyar ɗaukar waɗannan mutane ɗaya ce, ko a ƙofar fada ko a zauren gidan rediyo: a tara tawaga, a kunna na'ura, su yi daga farko zuwa ƙarshe. Ke nan kusan duk abin da muka gada na waƙar baka ɗaukar kai-tsaye ne, irin abin da kamfanonin faifai na Turai da Amurka ke sayarwa da tsada a matsayin kundi na musamman. Bambancin shi ne nasu yana zuwa da kwanan wata da sunan zaure da sunan duk wanda ya taɓa kayan kiɗa, namu kuwa yakan iso da sunan jagora kaɗai a rubuce da biro a bayan kaset, yau ma ko biron babu.

A shekarun 1990 ne situdiyoyin Kano suka sauya tsarin, lokacin da fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa. Mutum ɗaya zai zauna ya haɗa kiɗa, mawaƙi ya zo ya ɗora murya, mai amshi ta rera gindi sau ɗaya a yi ta liƙa shi duk inda ake so. Ba a raina wannan ba. Ya rage tsada, ya buɗe ƙofa ga wanda bai gaji kiɗa ba, ya ba mata da matasa wuri, ya kuma haifar da masu hikimar tsara baiti irin su Aminu Ala. Amma ya haifar da wata al'ada da ta zama ruwan dare a bukukuwa da tarukan siyasa: mawaƙi ya hau dandamali, a kunna waƙarsa daga filasha, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin ta da baki. Komai ya faru a wurin, waƙar ba za ta sani ba. Ko ango ya fashe da kuka, ko babban baƙo ya iso a makare, minti biyar ɗin nan da aka gama a situdiyo su ne za su fito. An sami tsabtar sauti, an rasa waƙar da ke iya waiwayowa ta dubi mai sauraro.

Mawaƙan wasu ƙasashe da suka fi mu kayan situdiyo sun daɗe da gane darajar abin da muke saki. A watan Oktoba na 1962 James Brown ya biya kuɗi daga aljihunsa aka ɗauki wasansa a zauren Apollo da ke Harlem, saboda mai kamfaninsa bai yarda faifan da ke cike da ihun 'yan kallo zai sayu ba. Da ya fito a 1963 sai ya shafe makonni 66 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na ƙungiyar Fairport Convention ta Ingila, wadda a 1969 ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin gargajiyar ƙauyukansu ta ɗora su a kan jita mai lantarki da ganguna. Bayan shekara goma kasuwa ta juya musu baya, sai suka yi wasannin bankwana a 1979, suka fitar da ɗaukar wasannin a ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfaninsu, Woodworm. Taron da suka riƙa yi duk shekara a ƙauyen Cropredy, da kaset ɗin da ake ɗauka a wurin ana sayar wa masoya, su suka riƙe ƙungiyar har ta sake miƙewa. A maƙwabta kuwa, waƙoƙin Mdou Moctar na Nijar sun fara yawo ne daga waya zuwa waya, kafin kamfanin Sahel Sounds ya saka shi cikin kundin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, kuma gidajen bikin Agadas ne makarantar da ta ƙera salon da yake kaiwa manyan zaurukan duniya yanzu. A duk ukun, jama'ar da ke gaban mawaƙi ita ce jarin da kamfani bai iya ƙwace masa ba.

Za a ce sautin fage ba ya shiga kunnen zamani, kuma akwai gaskiya a ciki. Da yawa daga cikin tsofaffin ɗaukar an yi su ne da makirfo ɗaya, aka kwafa daga kaset zuwa kaset har murya ta dushe, sannan aka matse su don su shiga ƙaramin memori. Amma wannan laifin na'ura ne da yawan kwafi, ba laifin fage ba ne. Yau da makirfo huɗu ko biyar da ƙaramar na'urar haɗa sauti da batirin sola, ana iya ware muryar jagora da ta 'yan amshi da kalangu da ta taro, a daidaita su daga baya ba tare da an kashe ko ɗaya ba. Masu ɗaukar dambe suna sakawa a YouTube sun riga sun nuna cewa ana iya kai kayan aiki fage a dawo da hoto mai kyau da miliyoyin mutane za su kalla. Abin takaici kawai shi ne kyamararsu na kan 'yan wasa, makaɗan kuwa sun koma amo a bayan fage, ba a ma cika ambaton sunansu ba.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi. Masu ita suna cewa waƙar fage rabinta roƙo ne: jerin sunayen waɗanda suka ba da kuɗi da riga da doki, wane ɗan wane na gari kaza, abin da ba ya da amfani ga wanda ba ya wurin, kuma yana tsawaita waƙa ba gaira ba dalili. Wasu ma suna ƙarawa da cewa zuga mutum ya doki ɗan'uwansa ba abin adanawa ba ne, musamman a ƙasar da ke da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, inda malamai suka daɗe suna sukar kiɗan banza. Game da hukuncin kiɗa, wannan fagen malamai ne, kuma saɓaninsu a kai ya girmi kowane kaset. Amma ko wanda ya ƙi kiɗan zai yarda cewa abin da ya faru ya faru, kuma ajiye shaidarsa ba amincewa da shi ba ne. Jerin sunayen kuwa, wanda ake gani cikas, shi ne sashen da ya fi daraja ga mai neman tarihin talaka. Littattafan tarihin Daular Usmaniyya sun san sarakuna da malamai da mayaƙa. Sarkin fawan ƙauye, da sarkin noma, da dillalin albasa, da direban da ya fara sayen babbar mota a garinsu, ba su da wani rajista sai bakin makaɗi. Mawaƙin da ya tsaya ya gode wa mutum goma sha biyu a tsakiyar waƙa ya bar mana hoton masu hannu da shuni na wannan gari a wannan kaka. Idan mai sauraren birni ya gaji, sai a fitar masa da gajeren yanki, a bar cikakkiyar a ajiye. Matsalar tana zuwa ne idan gajeren ya zama shi kaɗai ya rage.

Akwai kuma masu cewa ai jami'o'i sun gama aikin, tunda ɗaliban Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Ahmadu Bello sun rubuta matanin waƙoƙin nan a kundayen digiri, an yi musu sharhin jigo da salo. Aikin yana da girma, kuma ba don shi ba da an rasa ma'anar kalmomin Sakkwatanci da yawa da matasa ba sa ji yanzu. Sai dai matani a takarda kamar kilishi ne: nama ne na gaske, yana kuma daɗewa, amma ba za ka gane tafiyar saniyar daga gare shi ba. Takarda ba ta nuna inda jagora ya ja numfashi ya bar kalangu ya ƙarasa maganar, ba ta nuna inda 'yan amshi suka ɗaga murya saboda fage ya yi zafi. Mai rubutu ma yakan zaɓi rerawa ɗaya ya mayar da ita ita ce waƙar, ya zubar da kutsen maroƙi saboda ba ya cikin baiti. David Ames da Anthony King, da suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, sun haɗa kowane kiɗa da muhallin da ake yin sa ne saboda sun ga ba a raba su.

Maganar kuɗi ita ce wadda mawaƙi zai fara yi, kuma yana da hakki. Tawagar mutum takwas tana cin abinci, tana hawa mota, tana jiran kaso, alhali situdiyo mutum ɗaya za ka sallama. Sannan duk abin da aka fitar, kafin magariba masu tura waƙa a bakin kasuwa sun zuba shi a wayoyi ɗari ba tare da mai shi ya ga sisi ba, duk da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ta tanadi haƙƙin masu wasa. Amma wannan hujja tana yanka ta ɗaya gefen ne. Tunda faifai ba ya kawo kuɗi, situdiyo ne ko fage, abin da ke ciyar da mawaƙin Hausa har gobe shi ne gayyata: biki, suna, naɗin sarauta, taron siyasa, kalankuwa. To wace ɗauka ce ta fi jawo gayyata, wadda ke nuna abin da kwamfuta ta iya, ko wadda ke nuna cewa mutumin nan idan ya tsaya a gaban taro zai iya riƙe shi sa'a biyu, ya saka sunan mai gayya a inda ya dace? Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba kason faifai ne ya ɗaukaka shi ba. Kaset ɗin da ke yawo su ne suka riƙa sanar da masu biki abin da za su samu idan suka kira shi.

Suka mafi zafi ba daga masana take zuwa ba, daga halin ƙasa take zuwa. Ina fagen yake? Tun harin da aka kai Tabanni ta ƙasar Gandi a watan Yuli na 2018, wanda ya kori ɗimbin mutane zuwa garin Gandi, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 aka kashe mutane da dama, taron dare a ƙauyukan gabashin Sakkwato ya zama abin da ake yi da ɗar-ɗar ko a fasa. Wanda bai samu ya nome gonarsa ba, ba ya gayyar makaɗin noma. Dambe ya ƙaura zuwa gidajen wasa na birane inda ake biyan kuɗin ƙofa, kuma can ɗin ma wani fage ne mai nasa armashi, amma ba shi ne na bayan girbi da gari guda ke fitowa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, sai dai ba ta rushe hujjar ba, gaggawa ta ƙara mata. Salon amshin da ake karɓe magana daga bakin jagora ba a koyon sa daga littafi, sai an shekara ana tsayawa a bayan wani. Idan tawagogin da suka rage suka watse, 'ya'yansu suka koma acaba a Sakkwato ko ci-rani a Kudu, ba za a iya sake haɗa su da kuɗi ba. Duk inda aka samu taro ya yiwu, a cikin garin Wurno ne, ko Rabah, ko gidan dambe a Sakkwato, ko bikin 'yan gudun hijira da suka ƙi yarda baƙin ciki ya hana su aurar da 'ya'yansu, wannan taron ya cancanci a ɗauke shi da kyau.

Tsofaffin kaset ma lokacinsu na ƙurewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa zaren kaset na lalacewa, na'urorin kunna shi kuma suna ƙarewa saboda an daina ƙera su da kayan gyaransu. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu ba sa yi wa zare sassauci. Abin da ke ajiye a gidan Rediyon Rima, da na Kaduna, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu, da akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset, ya kamata a juye shi daga mafi tsufan kwafin da aka samu, ba tare da an datse kirari ko an shafe ihu ba. Juyewar ma ita ce mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a ɗauki sautin a kai shi 'Yar Tsakuwa da Gandi da Rara, a zaunar da dattawan da suka halarci irin waɗannan wasanni, a kunna musu, su faɗi wane gari ne wannan, wace shekara ce, wane ne ke riƙe da kalangu, muryar wa ce ke tashi sama a cikin 'yan amshi. Waɗanda za su iya amsa waɗannan tambayoyi yanzu sun haura shekara saba'in.